Kuɗin Cizon Alhaji Gwadabe

An yi wani mai gidan haya, Alhaji Gwadabe, irin mutanen nan marasa tsoron Allah da komai ya lalace sai su ce laifin ɗan haya ne. Yana son korar Tabawa mai daddawa don ya mai da ɗakinta shago, sai ya kai ta gaban mai unguwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, matar nan ta cika min gida da kuɗin cizo. Ta kwashe abinta kaf kafin Juma'a. In ɗaya ya saura, ita ma ta fita."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Na yarda. Sai dai ranar da na tare na iske wasu a bango, manya, ƙosassu. Waɗannan na Alhaji ne, ni kuwa ba na taɓa kayan mutane."

Alhaji ya harzuƙa. "To, ki bar min nawa!"

Mai unguwa ya ce, "Ashe kana da naka. Yaya za a rarrabe su?"

Tabawa ta ce, "Ai sun san jinin ubangidansu. Alhaji ya zo ya kwanta a ɗakin ba riga. Duk wanda ya cije shi nasa ne. Wanda ya ƙyale shi nawa ne, in ƙulle shi a bakin zane."

Mai unguwa ya ce, "An yi adalci. Alhaji, yau za ka fara ko gobe?"

Alhaji ya sosa wuya, ya ce, "A bar ta ta zauna."

"Allah ya saka, Alhaji. Amma ka turo mai feshi, don na gaji da yi maka kiwo kyauta."