Tanimu Mai Raƙuman Gishiri

A wani zamani mai nisa, a Birnin Kantu na tsakiyar sahara, inda ba a girmama baƙo sai da gishiri, an yi wani sadaukin yarima, Tanimu ɗan Sarki Barmo, wanda tun yana yaro yake gane gishirin kowace mahaƙa da lasa guda. Da labarin Gimbiya Rahanatu, 'yar sarkin aljanun mahaɗar kogi da teku, ya iske shi, sai begenta ya hana shi sakat, ya ɗora wa raƙuma ɗari gishiri, ya keta hamada bakwai da birnin matsafa masu kawunan tagulla.

Kaico, bawan Allah! Ya tarar da gaɓa ta yi fari fat da gishiri, kifaye sun taso a mace, gimbiya na kwance leɓɓanta sun tsattsage.

Ta dubi kayansa, ta yi murmushin ƙarfin hali. "Ya kai ɗan sarki, gishiri ke kashe mu, ka kawo mana ƙari? Boka Gurmuzu ya datse kogi, teku ta mamaye mu, mu kuwa ba ma rayuwa sai a gaurayen ruwa." Ta miƙa masa ɗan gora. "Ragowar ruwanmu na da ke nan, shi ke riƙe da raina. Ɗanɗani ɗigo ɗaya."

Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Ya ɗanɗana, ya zare takobi, sai madatsa.

"Ya kai azzalumi, saki ruwan bayin Allah!"

"Ya kai ɗan masu raƙuma," in ji boka, "yau kwananka ya ƙare!"

Wuni uku ana sara da suka kafin Tanimu ya fille masa kai. Har ya ɗaga gudumar bokan zai farfasa madatsa gaba ɗaya, sai ya tuna: gauraye ta ce. Ruwan daɗi zalla ma ajalinsu ne. Sai ga sadauki guda ya koma cire duwatsu ɗaya bayan ɗaya, yana sauka gaɓa yana lasa, kwana arba'in, har harshensa ya tsage. Ranar da goran ya ƙare ruwan ya yi daidai da wanda ya ɗanɗana a goran, 'ya'yan kifi suka cika gaɓa, Rahanatu ta miƙe da ƙafarta.

Aka ɗaura aure, aka naɗa shi sarki. Har suka tsufa, in ta yi miya takan miƙa masa ludayi ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗanɗana mini. Amma don Allah kada ka ƙara gishiri."