Gawon Da Aka Sa Wa Sunan Iya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

"Iya, in iska ta sake binne shuka bana, zaman me zan yi a garin nan?"

Wata amarya ce, Tasalla, ta ji wannan tambaya ta bayan zana tana tankaɗe. Mijinta Mati ne yake yi wa uwarsa. Saura kaɗan rariya ta suɓuce mata. Watanta biyar da aure, ko ido ba ta iya haɗawa da shi ba tukuna, ga shi yana zancen tafiya.

Garin nan kuwa babu itace, an sare duka an yi girki. Da ruwa ya sauka gero ya yi kunne biyu, sai iska ta kwaso rairayi ta rufe shi. Samari suka yi ta tafiya, ba mai dawowa sai gaisuwa. Sau uku ana kawo dashen itatuwa daga nesa. Na fari awaki suka cinye. Na biyu rana ta ƙone. Na uku ko leƙa shi ba a yi ba.

Ran nan Tasalla ta kai fura gona, sai ta zauna kan wani kututturen gawo tana share hawaye. Sai ta ji an ce, "Amarya, ɗaga! Kin zauna wa mai rai a ka."

Ta duba, ashe Kurege ne.

Ta ce, "Kututture ne fa."

Ya ce, "Ni da nake kwana ƙarƙashinsa za ki gaya wa? Ba ni dunƙulen fura ki ji labari."

Ta ba shi. Ya cinye, ya ce bai ji ba. Ta ƙara. Ya ce yanzu ya fara ji. Sai a na uku ya lashe baki ya ce, "Dajinku bai mutu ba, yana nan ƙasa. Saiwoyi har sun hana ni haƙa ɗaki. Duk shekara sai su turo toho, mazanku su bi da adda su sare, wai kar a ce da su ragwaye masu ƙazamar gona. Ku bar toho ɗaya mai ƙarfi, ku rage sauran, ki ga ikon Allah."

Sai ta gaya wa Mati, kanta a ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Amarya ke nan! In bar daji a gona, a yi da ni a dandali?"

Sai ta tafi ƙofar mai gari. Ta durƙusa, ta gaishe shi, ta sake gaishe shi. Ya ce, "Yarinya, da magana?" Ta ce, "A'a, gaisuwa ce," ta tashi da sauri.

Sai ta yage bakin tsohon zanenta, ta je ta ɗaura wa tohon gawon nan.

Ranar sharar gona Mati ya zo kan tohon, ya ɗaga adda. Tasalla ta ce, murya can ciki, "Na sa mata suna fa."

"Wa?"

"Ita wannan. Sunan Iya na sa mata."

Hannun Mati ya tsaya a sama. Ya dubi tohon, ya dubi matarsa. Wane ɗa ne zai sa adda a abin da ke amsa sunan uwarsa? Ya ce, "Kai, Amarya, kin gama da ni." Ya kewaye shi, har da cewa, "Sannu, Iya."

Da tsohuwar ta ji, sai ta ɗauki sanda ta je gani da idonta. Ta ce, "Ni ce wannan 'yar ƙaramar? To, duk wanda ya taɓa ni, shi da Allah!"

Tasalla ta raɗa wa maƙwabciyarta Kuluwa a bakin rijiya. Kuluwa kuwa ba ta iya riƙe magana ba. Kafin la'asar kowace mace ta yagi tsumma. Masu kai abinci gona suka bi kututture suna ɗaurawa, suna raɗa suna. Wannan uwar Barmo ce, wannan kakar Jatau, wannan gwaggon liman. Kuluwa ta nemi aduwa mai ƙaya zaƙo-zaƙo ta sa mata sunan uwar mijinta. Surukar tata ta ce, "Na gode, 'yar nan. Ai aduwa ta fi shekara ɗari, sai ki shirya zama da ni."

Maza suka rasa wurin sara. Ko ina suka juya, uwar wani ce tsaye. Har aka fara gori: "Kai, dubi uwarka duk rassa, ba ka ko yi mata aski!" Sai kowa ya shiga rage rassa, matan suka sami na hura wuta.

Ruwa ya sauka, iska ta zo yadda ta saba. Ta binne shuka da yawa, ba a ce ba ta binne ba. Amma duk inda sabara da kalgo suka yi tsaye, geron da ke bayansu ya tsira. Mati ya riga ya ɗaure kayansa a buhu. Ya je gona ya daɗe tsugune gindin gawon nan, ya dawo ya kwance buhun. Ya ce, "Amarya, mayar da rigunan nan akwati. In na tafi, wa zai yi wa Iya aski?"

Shekara bakwai, gari ya yi inuwa. Samari suka fara dawowa. Mai gari ya tara mutane ya ce, "Wai wa ya fara wannan abu ne?"

Kurege ya yi tsalle ya hau reshe ya ce, "Ni ne! A kawo fura!"

Aka yi ta dariya, aka ba shi. Shi ya sa ake cewa kar a raina abin da ya rage a ƙasa, kar kuma a raina mai ƙaramar murya.

Mati ya waiwayo ya dubi Tasalla, ya ɗaga gira, wai ko ya faɗa? Ta gyara goyonta, ta girgiza kai. A ranta ta ce, ga shi nan zaune a inuwa kusa da ni, me kuma zan gaya wa mutane? Ta ja mayafi ta rufe murmushinta.

Kurunkus, ta ƙare a gindin gawo.