Wasiƙar da Malam Haladu Ya Ce a Ƙona

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da ake buga labari da tafireta, sunansa Malam Haladu. Editan jarida ne, amma in ka gan shi kan tsohon kekensa da koɗaɗɗiyar hula, sai ka ɗauka masinja ne. Ɗan jarida zai kawo masa labari a hargitse, ya zauna ya gyara shi tsaf, gobe labari ya fito da sunan wanda ya kawo, nasa babu ko a gefe. Haka ya koyar da mutane da yawa. Cikinsu akwai Bashari, wanda ya fi kowa kaifin alƙalami, ya kuma fi kowa gaggawa.

To, ku saurara. Wata rana kasuwar garin ta ƙone. Kafin hayaƙi ya lafa, Bashari ya faɗo ofis yana haki.

"Malam, na samo! Shugaban 'yan kasuwa ne ya sa aka cinna wutar. Mutum uku suka gaya mini."

"Sun gani da idonsu?"

"Sun dai ji."

"Shi kuma ka je ka ji ta bakinsa?"

"Haba Malam! Kafin in je in dawo ai labarin ya huce."

"Bar shi ya huce, ba ƙosai ba ne. Ba zan buga ba."

Wata jaridar ta buga, aka yi ta rububinta. Bashari kamar ya haɗiyi zuciya. Ya zauna ya buga wasiƙa babu suna zuwa ga Alhajin da ya mallaki jaridarsu, ya ce Malam Haladu toshiyar baki ya karɓa. Ƙarya ce, jama'a, kuma ya san ƙarya ce. Cikin mako guda aka sauke Malam, aka mayar da shi teburin duba kurakurai, can kusa da injin buga jarida. Kujerar kuwa wa aka ba? Bashari.

Washegari ya shigo yana sunkuyar da kai. Malam ya miƙe tsaye ya ce, "Barka da zuwa, Edita. Shafin farko na jiranka." Babu gatse, babu harara.

Bayan wata shida bincike ya nuna wutar lantarki ce ta cinye kasuwar. Jaridar da ta buga ta sha shari'a har ta rufe. Bashari ya ce a ransa, gobe zan roƙi Malam gafara. Gobe, gobe, har shekara bakwai. Duk tsawon wannan lokaci, in ya tafka kuskure, Malam zai zo ya raɗa masa a kunne don kada na ƙasa da shi su ji.

Sai wata Talata bayan la'asar aka ce Malam ya rasu.

A maƙabarta Bashari ya ji wani a bayansa yana cewa, "Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Sai dai maganar nan ta kasuwa." Wani ya amsa, "Ai da ba gaskiya ba ce, da an mayar da shi kujerarsa." Ga mutum ana binne shi, ga ƙaryar Bashari tana yawo da ƙafarta.

Ranar uku, matar Malam, Inna Tabawa, ta aika a kira shi. Ta miƙo masa ambulan ta bayan labule.

"Ungo, Bashari. Kayanka ne."

Ya buɗe. Wasiƙar ce. Ya durƙusa.

"Inna, ya sani?"

"Shekara nawa yana gyara maka rubutu? Layi biyu ya karanta ya gane. Ranar da gaskiya ta fito, Alhaji ya ba shi ita, ya ce ya faɗi wanda ya rubuta, a kore shi, shi kuma ya koma kujerarsa. Malam ya ce ba zai faɗa ba. Na yi faɗa har na gaji. Ya ce kana da iyali, kuma ka iya aiki, gaggawa ce kawai, za ta wuce."

Bashari ya fashe da kuka.

"Ya ce in ƙona ta," in ji Inna. "Ni ba Malam ba ce."

Daga nan ofis ya wuce. An riga an shirya ta'aziyyar Malam a shafin farko. Ya cire ta, ya sa wasiƙar gaba ɗayanta, a ƙasa ya rubuta: "Ni Bashari na rubuta wannan. Ƙarya na yi wa malamina." Washegari da hantsi, bayan jarida ta fito, Alhaji ya kira shi.

"Ka san abin da na ce zan yi wa mai wasiƙar nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Na riga na kwashe kayana."

Kujera ta tafi. Amma a ranar ƙofar gidan Malam ta sake cika, mutanen da suka riga suka yi gaisuwa suka dawo, wannan karon neman gafara.

Jama'a, ku dubi wannan bawan Allah. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke sunansa, ya rushe wanda ya cuce shi. Ya riƙe kalmar nan shekara da shekaru har ya shiga kabari da ita. Mai haƙuri da rufa asirin ɗan'uwansa, Allah ba ya barin sunansa cikin datti. Kai kuma da ke zaune nan, akwai wanda ya koya maka sana'a, ya ɗaga ka, ka saka masa da abin da ka sani. In yana raye, kada ka ce gobe. Ana idar da salla ka sa takalminka ka tafi, tun yana iya buɗe baki ya ce maka ya yafe.