Farin Zanen Kurege

Yara, ku matso kusa, a bar tsokanar juna haka nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

A wani ƙauye a gindin dutse an yi wata tsohuwa, sunanta Inna Dinatu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Abin da ta mallaka a duniya, 'yar gona ce a bayan gida da tulu ɗaya na irin gyaɗa. Irin nan a hannun uwarta ta gada, ja ne, mai zaƙi. In ya kai damina, ta shuka, ta ci, ta kai godiya coci. In bai kai ba, yunwa ce za ta kwana da ita.

A bakin gonar akwai ramin Kurege. Kun dai san Kurege, baki da daɗi, hannu ba ya zama wuri ɗaya. A lokacin jikinsa launin ƙasa ne kawai, ba zane ko ɗaya.

Ran nan Inna ta dawo daga rijiya, sai ta ga faifan da ta rufe tulu yana ƙasa, wutsiya kuma tana reto a bakin tulu.

Ta ce, "Wa ke nan?"

"Ni ne, Inna. Ɗanɗana miki nake yi, in ji ko ta yi ɗaci."

"To, ta yi?"

"Ban gama tabbatarwa ba tukuna."

Inna ta ɗaga muciya. Kurege ya zube ƙasa, ya haɗa hannu, ya ce, "Inna, yi haƙuri, ba zan ƙara ba!" Ta sauke muciya, ta ce ya tafi, ta yafe. Ta kwaɓa laka ta liƙe bakin tulun.

Ba a daɗe ba ta dawo daga itace, ta tarar an huda lakar. Ga Kurege yana fitowa da baya da baya.

"Yau kuma fa?"

"Motsi na ji a ciki, Inna. Na ce ɓera ne, na shiga in kore miki shi."

"Ina ɓeran?"

"Ya tsere."

"Kumatunka fa, me ya kumbura su haka?"

"Ciwon haƙori, Inna."

Inna ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Kurege ya zube ƙasa. Me ya ce, yara?

"Ba zan ƙara ba!"

Ta yafe masa. Maƙwabcinta Barnaba mai tarko yana leƙe ta kan danga, ya ce, "Inna, ke ce kike lalata ɗan banzan nan. Ki bar ni da shi."

Ta ce, "Bar shi, ɗana, cikinsa nawa yake?" Ta sa tulun a ragaya, ta rataye shi can sama a ɗaki.

Ranar taron zumuntar mata Inna ta ɗaura zanenta mai kyau ta tafi coci. Aka yi waƙa, aka yi rawa, ta dawo tana 'yar waƙarta a hanya. Tana shiga ɗaki, sai waƙar ta yanke. An gwaguye igiyar ragaya. Tulu ya faɗo ya tarwatse. Ko ƙwayar gyaɗa ɗaya babu.

Inna ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa yana gyara fartanya, ita ba abin shukawa. Ba zan ɓoye muku ba, ranar ta yi fushi na gaske. Ta ce a ranta in ta kama shi, a turmi za ta sa shi.

Barnaba bai jira izini ba, ya kafa tarko a bakin rami. Da safe Inna tana durƙushe a kan dutsen niƙa, tana niƙa 'yar dawar da ta rage mata, sai ta ji ihu. Ta fito a guje, hannuwanta fari fat da gari. Ga Barnaba ya tara kara ya hura wuta. Ga Kurege a ɗaure.

Barnaba ya ce, "Inna, zo ki ga ɓarawonki. Yau akwai nama a miya!"

Kurege ya ɗaga ido ya dubi Inna. Me ya ce, yara?

"Ba zan ƙara ba!"

A'a. Wannan karon bai ce komai ba. Kunya ta rufe masa baki.

Zuciyar Inna ta ce mata a bar shi ya gasu, ai shi ya jawo. Ta dubi wuta, ta dubi Kurege. Sai ta tuna ɗazu da asuba ta durƙusa tana roƙon Ubangiji ya yafe mata yadda take yafe wa wasu.

Ta ce, "Barnaba, kwance shi."

"Haba Inna! Ya bar ki da yunwa fa."

"Na sani."

"Kuma zai ƙara."

"Wannan ma na sani. Ni da ka gani, sau nawa na ce wa Ubangiji ba zan ƙara ba, na kuma ƙara? Bai taɓa hura mini wuta ba. Yesu bai jira mun gyaru ba kafin ya ƙaunace mu. Ni wace ce da zan ce sai Kurege ya gyaru?"

Barnaba ya tsaya yana sosa ƙeya. Inna ta sunkuya ta kwance igiya da kanta, ta riƙe Kurege da hannu biyu, ta ce, "Ka ɓata mini rai ƙwarai. Amma na yafe, har cikin zuciyata. Je ka." Ya zame daga hannunta, gari ya bar masa farin layi a kowane gefe. Ya shige rami.

Ruwa ya sauka. Gari ya fita shuka. Inna ta ɗauki fartanya don kawai ta saba, ta ce ko ciyawa ta cire. Tana isa gona ta tsaya cik. Ga Kurege, ga matarsa, ga 'ya'yansa, kowa kumatu cike da jar gyaɗa. Wannan ya tona, wancan ya tofa, na baya ya rufe.

Kurege ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Ba duka na cinye ba, a rami na tara. Kaɗan na ci."

"Kaɗan?"

"To, rabi."

"Kurege!"

"Rabi da ɗan wani abu, Inna."

Inna ta yi dariya har ta zauna a kan kunyar gona, hawaye yana zuba. Ta ware masa kusurwar gona ta ce tasa ce.

Shekarar nan gyaɗa ta yi 'ya'ya. Ranar bikin godiya Inna ta ɗauko ƙwarya cike, tana rawa har gaban coci, Barnaba yana buga ganga. Sai ga Kurege a baya, riƙe da gyaɗa ɗaya, shi ma ya kawo godiya.

Inna ta rage murya ta ce, "Daga kusurwarka ce?"

"Daga taki ce, Inna. Taki ta fi girma."

Coci ya kaure da dariya. Inna ta matsa ta ba shi wuri kusa da ita.

Har yau Kurege bai daina satar gyaɗa ba, kuma har yau farin layin nan bai fita ba, ya yi wanka ya gaji. In kun gan shi ku duba gefensa, hannun wadda ta yafe masa ne. Ku ma kada ku jira ɗan'uwanku ya zama marar laifi kafin ku so shi. Ku yafe, don ku ma yafe muku aka yi.

Ƙurunƙus! Amma ba kan kurege ba, shi an riga an yafe masa.