Iccen da Mazadu Ya Rataya

Tun kafin a kewaye wani gari da ganuwa a wannan yanki, a shekarar da fara ta cinye gero tun bai fid da kai ba, wani maharbi mai suna Mazadu ya taso da mutanensa daga arewa, gida goma sha ɗaya, suna neman ƙasar da za ta ci da su. Ana yi masa kirari da Mazadu ƙanen Kyauta, dafi ba ka san naka ba. Kyautar nan yayarsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ga shi yanzu tsufa da yunwa sun sa sai an riƙe ta take tafiya.

Bakansa ɗaya ne tal, shi ke ciyar da ayarin duka. Ranar da suka cika kwana arba'in a hanya, santsin dutse ya kwashe shi a bakin wani rafi, ya faɗa kan bakan, ya karye gida biyu. Mazadu ya daɗe zaune cikin ruwan bai tashi ba. Ya gaji ƙwarai, kuma ya san abin da ke gabansu.

Ya shiga kurmi ya saro sanda biyu na dargaza don yin sabon baka, miƙaƙƙu marasa gaɓa. Ya ɓare musu ɓawo, ya rage kaurinsu da gizago, ya toshe bakin kowanne da kakin zuma don kada su tsage. Ya gasa su sama-sama a kan garwashi, ya shafe su da man kaɗe, ya ɗaure kowanne jikin gora don kada ya karkace. Sannan ya kafa rumfa, ya rataye su bisa murhu inda hayaƙi zai riƙa ratsa su.

"Sai yaushe?" in ji mutane.

"Wata uku," in ji shi.

Wata uku ga mai cin tafasa da ɓawon goruba ba wasa ba ne. Tarko ba ya kama sai ɓera. An ce wani gwanki kullum da hantsi yakan zo ya tsaya a tsallaken rafi yana kallonsu, kai ka ce an gaya masa babu baka a zangon.

Da aka yi kwana ashirin, Kyauta ta daina iya haɗiye ganye. Ta kira shi, muryarta da ƙyar take fita.

"Auta, romo kawai nake so. Ba an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?"

"Yana tanƙwaruwa, Yaya," in ji shi, "miƙewa ce ba ya yi."

Ya faɗa, ya kuma san gaskiya ya faɗa, amma wa zai iya duban idon wadda ta goye shi? Ya sauko da sanda ɗaya, ya ɗaura masa tsirkiya, ya ɗana kibiya. Da ya ja, iccen ya biyo shi salin-alin kamar danƙo. Kibiyar ta faɗa tsakiyar rafi, gwankin ko kunne bai kaɗa ba. Sandan ya zauna a lanƙwashe, bai ƙara amfanuwa ba sai a murhu.

Saura ɗaya. Mutane suka yi ta roƙo, wasu suka zage shi, gida biyu suka naɗe tabarminsu suka yi gaba, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mazadu bai taɓa sandan ba, sai dai duk kwana bakwai ya juya shi, ya ƙara masa mai, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya kasa kunne. Rabonsa na ganye yana dafawa har ya zama ruwa, ya ɗura wa yayarsa da ludayi. Tausayinta ya hana shi sakat, haƙuri kuma ya fi yunwa cin jikinsa.

Kwana huɗu kafin iccen ya yi ƙara irin ta busasshe, Kyauta ta cika. Suka binne ta a gindin wata tsamiya.

Ranar da ya ja sabon bakan, kibiya ɗaya ta kayar da gwankin. Aka dafa romo, kowa ya sha har da ƙari. Mazadu ya karɓi nasa ƙoƙon, ya riƙe har ya huce, bai kai baki ba. Da aka ce masa ai yanzu sai a kama hanya, ya ce, "Ku je in za ku. Ni na iso."

Babu wanda ya tafi. Wurin shi ne garin da ake kira Rataya, tsamiyar kuwa tana nan bayan kasuwa. Har yau maharbin garin ba ya ɗaura wa sabon baka tsirkiya sai ya fara saro wani sandan, ya ɓare, ya toshe da kaki, ya rataye bisa murhun gidansa. In baƙo ya tambayi dalilin wannan baƙin sanda mai cike da kunkunniya, sai matar gida ta ce na Kyauta ne, don kada wani ya sake jira.