Lambar da Ta Shige Gefen Waya

Akwai wani matashi a birnin Katsina mai suna Umair. Maraya ne tun yana ƙarami, gwaggonsa Laraba ce ta rene shi a ƙauye tare da ɗanta Tanko. Da ya girma ya shigo birni, ya koyi gina shafukan intanet a shagon Malam Bala da ke Ƙofar Kwaya.

Gaskiya yaron yana da hannu. Matsalarsa ɗaya ce, kansa ya fara kumbura.

Da ya fara samun aiki, ya sayi wani makeken allon kwamfuta, faɗinsa kamar ƙofar shago. A kansa ya zauna ya gina shafinsa na tallata kansa. Ya ƙayyade faɗin shafin daidai da faɗin wannan allon, ya sa hotonsa a hagu cikin kaftani, ya kai lambar wayarsa can ƙarshen dama. Ya kuma kulle shafin yadda ba za a iya jan sa gefe da yatsa ba, wai ja yana ɓata kyau.

Malam Bala ya zo ya duba, ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma ka gwada shi a ƙaramar waya kuwa? Mutanenmu hwa ba su da irin wannan allo. Ka bar shafi ya riƙa bin faɗin wayar mutum."

Umair ya yi dariya. "Malam, ni manyan kamfanoni nike nema. Wanda ba ya da kwamfuta, mi zai yi da shafina?"

Malam Bala ya tashi. Ya sa takalmansa ya tafi.

Da ƙaramar Sallah Umair ya je ƙauye, ya raba kati mai ɗauke da adireshin shafin kawai. Ya ce, "Duk mai nemana ya shiga nan, komai na ciki." Gwaggo Laraba ba ta iya karatun boko ba, amma ta karɓi nata ta adana a cikin kwalla.

Da ya dawo birni, ya cire tsohon layinsa ya jefa a durowa, wai ya gaji da fulashin 'yan ƙauye. Ya sayi sabo, ya sa lambar a shafi, ya kuma tashi ya koma wani ɗaki a unguwar Kambarawa ba tare da ya gaya wa kowa a gida ba.

To jama'a, ga abin da Umair bai sani ba. Duk wanda ya buɗe shafin a waya, hotonsa kawai yake gani da rabin rubutu. Farkon lambar kawai ke fitowa, sauran na can waje, allon waya bai kai wurin ba. Shi kuwa gwanin bai taɓa buɗe shafin a tasa wayar ba, don yana ganin ya wuce nan.

Mako ya wuce, wata ya wuce, wayar shiru. Ya sayo shinkafa da wake ya ci shi kaɗai a gaban allo. Ranar Juma'a ya ga mutane suna tafiya masallaci biyu-biyu, uku-uku, shi ya je ya dawo ba wanda ya tambaye shi ya gida. Kaɗaici ya ishe shi ƙwarai. Yana kewar muryar Gwaggo, har yakan ɗauki waya zai kira ta, sai zuciya ta ce, "Ai suna da katin. Da sun damu da kai da sun neme ka." Sai ya ajiye.

Haka ya yi wata uku yana fushi da mutanen da ba su san yana yi ba.

Wata ranar Talata da hantsi aka yi sallama. Malam Bala ne, Tanko na bayansa. Bayan an gaisa, Umair ya ce cikin gatse, "Ashe kun tuna da ni."

Tanko ya ce, "Inna ta rasu. Yau kwana tara."

Umair ya dafa tebur. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mi ya hana ku kira ni?"

Tanko ya zaro wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, ya buɗe shafin, ya miƙa masa. Ga hoton Umair yana murmushi. A gefe an rubuta "Kira ni a", sai 080, sai allo ya ƙare.

"Sati uku tana kwance tana kiran sunanka," in ji Tanko. "Tsohon layinka a kashe. Na zo tsohon ɗakinka, aka ce ka tashi. Sai jiya na gano shagon Malam Bala, shi ya yi cigiya har ya kawo ni nan. Wannan shafi kuwa babu wayar da ba mu gwada ba a ƙauyenmu, duk iyakarta ke nan. Har lambobi muka riƙa cikawa da ka, ko Allah zai sa mu dace. Daga baya ta ce mu daina wahala, a bar mata hoton kawai. Da shi take kwana a hannu."

Umair ya sa yatsa yana jan shafin gefe, yana ja, yana ja. Shafin ya ƙi motsi, don shi da kansa ya kulle shi. Ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, ba wanda ya hana shi.

A ranar ya bi Tanko ƙauye, ya tsaya a kan kabarinta ya yi mata addu'a. Da ya dawo Kambarawa, ya zauna ya gyara shafin yadda zai shiga kowace irin waya. Gyaran bai ɗauke shi minti goma ba.

Darasi: In za ka gina wa mutane abu, ka auna shi da abin da ke hannunsu, ba da abin da ke gabanka ba. Kuma kada girman kai ya sa ka zauna jiran a neme ka, wataƙila ana can ana nemanka, kai ne ka toshe hanya. Ka kira naka yau tun suna raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu aikin kwamfuta.