Manomin da Ya Rasa Gane Malama

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da 'ya mai suna Tabita a aji huɗu na firamare. Ran nan ta taso daga makaranta, ya ce, "Me aka koya muku yau?"

Ta ce, "Baba, Malama Briskila ta tambaye mu me ya sa wani iri yake tsira, wani ba ya tsira."

"To, me ta ce?"

"Ta ce mu je mu bincika."

Abin ya ɗaure masa kai. A zamaninsu malami ke faɗa, yara su maimaita. Kashegari ya tafi makarantar, ya iske yara durƙushe, kowa da tsumma jiƙaƙƙe da 'yan ƙwayoyin hatsi, allo kuwa ba ko harafi.

Ya ce, "Malama, ba ki san amsar ba ne?"

Ta ce, "Na sani, Baban Tabita."

"To, me ya hana ki faɗa musu?"

"In na faɗa, su manta kafin a tashi. In sun gano da hannunsu, ta zauna."

Ya koma gida a ruɗe, yana cewa a ransa, damina na faɗuwa zai cire yarinyar ta taya shi aikin gona.

Tabita kuwa ta ɗebi ƙwaya goma daga irin masarar da ya ajiye a rumbu, ta naɗe a tsumma, tana yayyafa ruwa. Bayan kwana shida ta kawo masa. Biyu kaɗai suka tsira.

"Irin da na zaɓa da hannuna?" in ji shi. Ya juya ƙwayoyin, a ido bai ga wani aibi ba. Ashe danshi ya shiga rumbun. Ya nemo iri wurin ƙanensa, ya yi shuka a kan kari. Har aka yi girbi bai gane yadda malamar da ba ta faɗi amsa ba ta ceci gonarsa. Amma bai cire Tabita ba.

Ga ma'anar misalin nan. Irin cikin rumbu shi ne abin da muka haddace na Maganar Allah, ba mu taɓa gwada shi a rayuwarmu ba. Sau da yawa mukan roƙi Ubangiji amsa, ya ba mu tambaya, mu ruɗe, mu yi gunaguni. 'Yan'uwa, ba rashin sani ba ne ya sa ya yi shiru. Iyaye da malamai, in yaro ya ce "Don me?", kada ku tsawata masa. Ku zauna ku bincika tare.